Kwangilar Suruki

Da Ashiru ya ce zai rushe gidansu na Kusada ya gina wa Inna na bulo, yayarsa Luba aka ɗora wa neman magini. Shi yana can Kaduna yana sayar da kayan babur, Allah ya ɗan buɗa masa, har ya fara jin nauyin a ce uwarsa tana kwana a ɗakin ƙasa. Luba kuwa tana aure a Kankia, ga ta kusa da gida, ga ta babba, kuma ba a yi mata rufa-rufa.

Ta yi binciken irin na mata, wanda ya fi na maza nesa ba kusa ba. Namiji idan an ce ya je ya ga aikin magini, iyakarsa ƙofar gida: ya dubi fenti, ya ƙwanƙwasa ƙyaure, ya ce ma sha Allah, ya juya. Luba ciki take shiga da sunan barka ko gaisuwa, ta zauna a bakin gado, ta bi bango da ido, sannan ta tambayi matar gidan inda take tara roba saboda yoyo idan ana ruwa. Da haka ta tankaɗe su ɗaya bayan ɗaya. Jaji, wanda ake ta yabo da sauƙin farashi, ta tarar katangarsa ta yi ciki har an tokare ta da itace. Wani mai kiran kansa injiniya, wanda ko wurin ɗaurin aure da hular aikinsa yake zuwa, ɗakin da ya gina ƙofarsa ba ta rufuwa sai an ɗaga ta da gwiwa. Wani kuma aikinsa babu laifi, amma ruwan shuka na sauka zai watsar da komai ya tafi gonarsa a Fakuwa, sai kuma kaka. A ƙarshe ta tsaya a kan Sagir na Kafinsoli, mutum mai baƙar magana wanda ba ya ragi. Ba ta so shi ba ko kaɗan, amma ba ta ga roba a ɗakunan da ya rufa ba, sai ta ce shi ne dama-dama.

Ta ɗauko waya za ta gaya wa Ashiru ke nan, sai ga kiransa.

"Yaya, ki bar wahalar da kanki, an samu. Baba ya ce shi zai yi."

"Wane Baba kuma? Namu dai ƙasa ta rufe shi."

"Baban Murja."

Murja ita ce matar Ashiru, babanta kuwa Alhaji Ɗanmaliki, dillalin hatsi a Kusada, wanda duk abin da ya sani a gini shi ne ya taɓa samun aikin wani kwalbati ta hannun abokinsa. Damina ɗaya ta yi awon gaba da kwalbatin, amma sunan ɗan kwangila ya zauna masa, shi ma ya riƙe shi gam.

"Ya ce ba zai ci ribar sisi a kanmu ba," in ji Ashiru. "Kin ga an huta da tsadar magina."

"Ashiru, mutumin da ba ka iya kallon idonsa za ka ba aiki? Ran da ya yi ba daidai ba, wa zai faɗa masa?"

"Haba Yaya. Ai na gida ba ya cutar na gida."

"Wa ya gaya maka?"

Sai ya ce caji ya kusa ƙarewa. Luba ta ajiye wayar ta yi tsaki. Araha ba ta ado, kowa ya san wannan, amma ƙanenta ya haɗa araha da surukuta, ya ɗauka ya yi dabara.

Ranar da aka ba da aikin Luba tana ɗakin matar Alhajin, tana hangen zaure ta labule. Ashiru ya tuɓe takalmi tun daga waje, ya durƙusa a gefen tabarma, kansa a ƙasa kamar wanda ya zo neman gafara. Alhaji Ɗanmaliki yana kishingiɗe yana jan carbi. Ba a faɗi ɗaki nawa ba, ba a faɗi ranar gamawa ba. Da Ashiru ya buɗe baki a hankali ya ce, "Baba, ko za a ɗan yi magana a kan lokaci," sai Alhajin ya ɗaga hannu.

"Yaro, tsakanina da kai har sai an yi magana? Gidan surukata zan gina. Kafin azumi ta tare, in Allah ya so."

"Allah ya ƙara girma, Baba."

Shi ke nan yarjejeniyar. An ba kura ajiyar nama, har da yi mata godiya.

A rushewa kam Alhaji gwani ne, wannan ba za a hana shi ba. Ana gama girbi ya kawo ƙarti, kafin ka ce kwabo ɗakin da Inna ta haifi 'ya'yanta duka a ciki ya zama tsibin ƙasa. Azarar rufin, wadda ko gara ba ta taɓa ba, aka loda ta a amalanke, ba wanda ya sake jin labarinta. Sai kuma aka tuna cewa tsohuwa tana bukatar wurin kwana. Gidan ƙanenta a Kaikai ya cika ya batse, Kaduna kuma ta ce ko gawarta ba za ta je ba. Aka ce ai 'yan makonni ne, ta zauna wurin Luba.

Duk wanda ya san Inna Sa'a ya san abin da aka yi mata. Luba ce 'yar fari. Tun da ta haife ta ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai "ke" ko "waccan." Mijin Luba, Malam Zulkifli, idan ta hango shi a hanya sai ta sauya lungu. Yau ga ta a gidansa, a ƙarƙashin rufinsa, tana jin tarinsa ta bango. Shi kuma malami ne, a zauren gidan yake karantarwa, kullum yana nan.

Inna ta shiga ƙuryar ɗaki ta zauna. Idan Malam yana gida ba ta cin abinci, wai kada ya shigo ya tarar surukarsa tana motsa baki. Banɗaki kuwa yana can bayan ɗakinsa, sai an ratsa tsakar gida, don haka ba ta zuwa sai ta tabbata ya fita masallaci. Da ta ga hakan yana ba ta wahala sai ta rage shan ruwa, ta rage, ta ƙara ragewa. Bawan Allah Malam ya yi iyakar ƙoƙarinsa: ya koma cin abinci a zaure, ya riƙa gyaran murya tun daga nesa, ya riƙa daɗewa a masallaci bayan kowace salla har mutane suka fara yaba masa yawan ibada. Duk a banza. Inna ta ce gidan mutum gidan mutum ne, ko yana ciki ko ba ya ciki.

Azumi ya zo ya wuce. Bazara ta kama da zafinta. Luba tana kallon uwarta tana narkewa, wuya ya fito, idanu sun faɗa, fitsari ya fara yi mata zafi. Ma'aikaciyar asibiti ta ce babu wani magani da ya wuce ta ci ta sha ruwa da yawa. Inna ta ce to, ta dawo ta ci gaba da abin da take yi. Luba ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta yi kuka a madafa. Tsoro ne ya cika ta, tsoron kada wata safiya ta shiga ƙuryar ta tarar kunya ta kashe mata uwa.

Gini kuwa yana nan inda ya tsaya, a daidai taga. Bulon da aka buga, idan ka murza shi da yatsa sai yashi ya zubo. Awakin unguwa sun mai da falon Inna wurin hutawa. Abin mamaki, a daidai lokacin ne gaban gidan Alhaji Ɗanmaliki ya sha sabon shafe, aka yi masa dakali mai faɗi inda yake zama da abokansa da yamma. Simintin Ashiru ashe ƙafa gare shi, kuma ya san hanyar gidan suruki.

Ashiru yakan zo, ba a ce ba ya zuwa ba. Yakan biyo ta Kankia da fuska a murtuke, ya ce yau sai an yi ta ta ƙare, yau zai faɗa wa Baba gaskiya. Luba takan dube shi kawai. Ya isa Kusada, ya tuɓe takalmi, ya durƙusa, ya tambayi lafiyar iyali, ya tambayi ƙafar Baba da ke ciwo. Alhaji ya yi masa bayanin yadda siminti ya tashi, yadda leburorin zamani ba su da tsoron Allah, yadda shi kansa ba ya barci saboda wannan aiki. Ashiru ya ce Allah ya saka da alheri, ya ƙara ajiye abin da ya zo da shi a gefen tabarma, ya fito da baya-baya.

"Ka faɗa masa?" in ji Luba.

"Yaya, da mutane a wurin."

"Wancan karon ka ce shi kaɗai ne, ka ji nauyi."

"Ke ba za ki gane ba. Surukina ne."

"Waccan da ke ƙurya kuma uwar wa ce?"

Ya sunkuyar da kai, abin da ya fi ƙwarewa a kai ke nan. Luba ta raina shi a ranta. Namiji guda, mai shago da yaran shago, amma gaban wani tsohon dillali ya koma ɗan tsako.

Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, ranar da Inna ta miƙe za ta yi alwala jiri ya kwashe ta, Luba ta yafa mayafi ta hau mota zuwa Kusada ba tare da ta yi shawara da kowa ba. Ta sami Alhaji a kan sabon dakalinsa da abokansa. Ta gaishe su a tsaye.

"A'a, matar Malam ce? Shiga daga ciki mana, matan suna nan."

"Wurinka na zo, Alhaji. Yaushe za a rufa wa Inna ɗaki?"

Ya yi murmushi ya dubi abokansa. "Wannan ai maganar maza ce. Mun gama da mijin 'yata."

"Mijin 'yarka ba ya iya magana a gabanka, ka kuma sani, shi ya sa ka karɓi aikin. Ni ba 'yarka nake aure ba. Ka rushe wa tsohuwa ɗaki, ka kwashe azararta, ka bar ta a gidan suruki tana ƙin ci tana ƙin sha. In ba za ka iya ba, ka ce ba za ka iya ba, mu kira wanda ya san aikin. Kuma wannan dakalin da kake zaune a kai, ka tambaye shi simintin wa ya sha."

Ɗaya daga cikin abokan ya shiga neman takalminsa. Alhaji Ɗanmaliki bai ɗaga murya ba, bai ma daina jan carbi ba.

"Na gode," ya ce. "Ki gaida gida."

Ta koma Kankia zuciyarta wasai, tana ganin ta fasa ƙurji. Ba ta yi lissafin abu ɗaya ba. Murja tana gidan ubanta a lokacin, ta zo wankan jego na haihuwar fari, har an yi arba'in, ana shirin mayar da ita Kaduna. Alhaji bai yi zagi ba, bai aika wa kowa da baƙar magana ba. Ya dai ce 'yarsa da jikansa ba za su koma dangin da ake kiransa ɓarawo a bainar jama'a ba.

Washegari Ashiru ya faɗo gidan idanunsa jajur. A gaban Luba kam yana da murya, har da nuna yatsa.

"Kin kashe mini aure, Yaya. Wa ya aike ki?"

"Inna ce ta faɗi a tsakar gida."

"Da kin bari na bi shi a hankali."

"A hankalin da kake bi tun kaka?"

Daga ƙurya sai muryar Inna, siririya, amma babu rawa a cikinta. "Ke."

Luba ta shiga ta durƙusa.

"Mi kika je kika yi a gidan mutane? Ni na ce maki ina jin yunwa? Ki tashi ki bi ƙanenki, ki ba dattijo haƙuri. Ba za a raba ɗiyar mutane da mijinta saboda ɗakina ba."

"Inna, shi ne fa ya cuce mu."

"Na ce ki tashi."

Haka aka kwashi jiki, da Ashiru da Luba da wani kawunsu da aka ɗauko daga Kaikai don ya yi jagora. Luba ta durƙusa a zauren da ta taɓa hange ta labule, ta ce ta yi kuskure, sharrin Shaiɗan ne. Kalmomin suna fita tana jin ɗacinsu. Alhaji ya bar ta a durƙushe ya yi doguwar nasiha a kan haƙuri da ladabin mata, ya kawo misalin mutanen da, sannan ya ce ya yafe duniya da lahira, don shi ba mai riƙo ba ne. Murja za ta koma ɗakinta. Aiki kuma yana nan a hannunsa, ba zai bari a ce ya fara abu ya yar ba, sai dai yanzu damina ta kawo kai, ba a gini cikin ruwa.

"Bayan kaka, in Allah ya so," ya ce.

"Allah ya ƙara girma, Baba," in ji Ashiru. Kawu ma ya ce amin.

Kwana biyu bayan haka Luba ta dawo daga gidan suna ta tarar ƙurya wayam. Babu tabarma, babu buta, babu ƙullin kaya. Maƙwabciya ta ce tsohuwa ta sa an kira mata mai babur tun hantsi. Luba ba ta tambayi ina ba, ta san wuri ɗaya ne.

A tsakiyar ginin ta same ta, cikin abin da aka ce zai zama falo. Inna ta kori awaki, ta share kashinsu, ta roƙi maƙwabta sun kafa mata itace huɗu, sun kewaye da zana, sun ɗora kara da tsohon tamfol a sama. Bukka ce irin ta masu gadin gona, a cikin bangon bulo da ya tsaya a daidai taga. Tana zaune a bakinta da ƙwaryar fura, tana sha a hankali, babu wanda take saurare.

"Inna, ki tashi mu koma. Ruwa zai sauko."

"Nan ne gidana."

"Babu rufi, Inna."

"Akwai wanda ya ishe ni. Zauna ko ki tafi, kada ki tsaya mini a kai."

Luba ta zauna. Ba a jima ba iska ta taso, sannan ruwan ya sauko, na farko mai ƙarfi a shekarar. Tamfol ɗin ya ɗauki abin da zai iya, sauran ya biyo ta cikin kara. Ginin ba shi da mafitar ruwa, Alhaji bai kai nan a karatunsa ba, sai ruwa ya taru a cikin bangon ya fara shigowa bukkar ta ƙasa. Suka jawo bulo suka ɗora tabarma a kai, suka ɗora ƙullin kayan a cinya. Bulo ɗaya ya narke a ƙarƙashin Luba. Ta dubi ƙafafun uwarta a cikin ruwan laka, ta ji kamar ta tashi ta rushe sauran bangon da hannu.

Wayarta ta yi ƙara. Ashiru ne.

"Yaya, yanzu Baba ya kira ni," ya ce, muryarsa har da fara'a. "Wai Inna ta matsu ta tare tun kafin a ƙarasa. Ya ce ka ga alamar gida ya karɓe ta. Yaya wurin yake? Akwai inda ya dace ta zauna dai ko?"

Luba ta buɗe baki. Duk abin da ta tara tun kaka yana kan harshenta, a jere. Inna ta kama hannunta, yatsun sanyi ƙalau.

"Ki ce mashi gida ya yi kyau," ta ce ƙasa-ƙasa.

Luba ta rufe bakin wayar da tafinta. "Ba zan faɗa ba, Inna."

"In ya ji, zai je wurin surukinsa. In ya je, ko ya yi shiru ya dawo da baƙin ciki, ko ya yi magana a karɓe mashi mata. Wanne kike so mashi?"

"Yaya? Kina ji na?"

Ruwa yana ɗiga a kan mayafin Inna, tana kallon 'yarta ido cikin ido, abin da ba ta taɓa yi ba. Luba ta tuna yadda ta raina ƙanenta saboda sunkuyar da kai, da kawu, da abokan Alhaji masu neman takalmi. Ta cire tafinta daga wayar.

"Ina ji," ta ce. "Gida ya yi kyau. Inna tana gaishe ka."

"Alhamdu lillahi. Bari in kira Baba in yi masa godiya."

Ya kashe. Luba ta cusa wayar cikin zani, ta jawo uwarta jikinta, ta juya bayanta wajen da ruwan ke shigowa.